Yayana ya aiko min da Mac, ni kuma idona da Windows ya saba, ina mafita?

A ɓoye sunana:
Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Admin don Allah a sakaya sunana, akwai waɗanda muke aiki tare a nan.

Ina aiki a wata makarantar kuɗi a cikin Kano, ni ce mai shigar da makin ɗalibai a Excel, in fitar da sakamako duk ƙarshen zango. Ina da raunin gani tun ina sakandare, amma ina gani, kar wani ya ɗauka ba na gani. Shekarun baya wata ƙungiya ta ba mu horo, ta raba mana laftof mai Windows 10 da ZoomText, manhajar ƙara girman allo, a kai. Da shi na samu aikin nan. Baƙin allo da rubutu ruwan ɗorawa nake sawa, da ƙatuwar kibiya, hannuna ya san komai ko ban duba ba. To laftof ɗin ya tsufa, batirin ba ya riƙe caji, ana ɗauke wuta yake mutuwa. Mai gyara ya ce ba zai hau Windows 11 ba, ga shi an daina kula da Windows 10.

Na yi wa Yayanmu da ke Ingila ƙorafi a waya, wallahi ba roƙo ba ne, hira ce ta kawo. Shi ya riƙe gidanmu tun rasuwar Baba, shi ya biya min kuɗin makaranta har na gama, lokacin da aurena ya mutu ma shi ya tsaya aka kwaso min kayana, alhali yana da nasa iyalin, matarsa kuma ba ta taɓa nuna mana komai ba sai alheri, Allah ya saka mata. Kwatsam sai ga abokinsa ya zo hutun Sallah da MacBook a kwali, wai Yaya ya yi tambaya a can aka ce masa babu kamar Apple ga mai matsalar ido. Umma har da hawayenta, ta kira shi ta yi ta sa albarka, maƙwabta suka yi ta shigowa gani.

Yanzu ga ni ga Mac, aiki ya tsaya. ZoomText ba ya hawa kansa. In na ƙara girman allo sai in ɓace, in je dama neman inda ake rufe shafi, ashe yana hagu. Ctrl da C ba ya kwafe komai. Ran nan na taɓo wani abu wata murya ta kama surutu a ofis, don kunya sai rufe murfin na yi. Kullum da ciwon kai nake tashi daga aiki. Jarrabawa ta matso, mai makaranta ya fara tambayar abin da ke kawo jinkiri. Ya zan yi? Ba zan iya buɗe baki in ce wa Yaya kyautarsa ba ta yi ba.

Maman Hanif:
Wa alaikumussalam. Allah sarki. Allah ya kawo mafita, ya saka wa Yayanki da alheri.

Injiniya:
Malama, gaskiya ɗaya ce, sayar da shi za ki yi. Na daɗe ina haɗa wa masu lalurar gani kwamfuta, irin labarinki ba sabo ba ne a wurina. Mac yana da kasuwa. Ki kai shi Beirut Road, kuɗinsa zai saya miki ThinkPad ko HP na hannu, har ki dawo da canji. Ki tabbatar dai Intel ɗinsa ƙarni na 8 ne ko sama, yana da TPM 2.0, abin da Windows 11 ke nema ke nan, shi ya sa tsohon naki ya kasa. ZoomText da ake biyan ɗaruruwan daloli ma ba dole ba ne. Windows yana da Magnifier a cikinsa: maɓallin Windows da alamar + ya buɗe ya ƙara girma, Ctrl+Alt+I ya juya launi, Windows da Esc ya rufe. Sai ki ɗora NVDA a kai, manhajar da ke karanta abin da ke allo da murya. Kyauta ne, wani makaho ɗan Ostireliya, Michael Curran, ya fara shi a 2006, abokinsa James Teh ya shigo suka ci gaba tare. Har a filash ana ɗaukarsa, ki soka a kowace kwamfutar ofis mai Windows ya yi magana. Ki fara koyon aiki da kunne tun da sauran gani, kar ki jira ranar da dole za ta sa.

A ɓoye sunana:
Injiniya na gode, amma ni ba makauniya ba ce. NVDA na waɗanda ba sa gani ne sam. Maganar sayarwa kuwa ba ta ma taso ba, duk sanda Yaya ya kira ta bidiyo sai ya ce in nuna masa yadda nake aiki da shi. Kuma batirinsa yana kai ni tashi daga aiki ko ba a kawo wuta ba, wanne na hannu ne zai min haka?

Injiniya:
Batirin da ya wuni aiki bai fita ba, me ya tsinana? Kuma wa ya ce NVDA na makafi ne kaɗai? Yana karanta duk abin da kika ɗora kibiya a kai, ido yana nuna hanya kunne yana karatu. Ciwon kan nan da kike faɗa daga ina kike zato yake zuwa?

Baban Sadik:
Injiniya a yi mata a hankali mana. Ni zabiya ne, da Mac nake duk aikina, ban mutu ba. 'Yar'uwa, muryar da ta ba ki kunya VoiceOver ce, Command da F5 ke kunna ta, su ke kashe ta. Kusan duk abin da kika saba yi da Ctrl, a nan Command ne. Ki shiga System Settings, Accessibility, Zoom, ki kunna zuƙowa da yatsu: ki danne Control ki ja yatsu biyu sama allo ya matso, ki ja ƙasa ya koma. Hakan ya fi barin allo a zuƙe kullum, don a Mac jerin umarni yana can saman allo ne ba a jikin shafi ba, shi ya sa kike ɓacewa. Akwai kuma Hover Text, ki danne Command ki ɗora kibiya kan rubutu ya fito da girma a akwati, launin ma ke za ki zaɓa. Girman kibiya yana ƙarƙashin Display. Ki ba hannunki lokaci.

Injiniya:
Lokacin ne ba ta da shi. Jarrabawa ba za ta jira hannu ya saba ba. Kuma kai zane kake yi, ita Excel ne da ɗaruruwan layuka.

Anti Malama:
Duk kuna ta jayayyar inji, ba wanda ya tambaye ta wane irin rauni ne. Ƙanwata, me likita ya ce? Na koyar da yara masu lalurar gani har na yi ritaya, ba duka ƙarin girma ke taimaka wa ba. Wanda tsakiyar ganinsa ta dushe, gefe na aiki, shi girman rubutu ke ceto. Wanda kuwa gefen ne ya tafi, kamar mai hawan jinin ido ko wani nau'in dundumi, yana gani ne kamar mai leƙe ta cikin bututu. In ka ƙara masa girma sosai, harafi biyu ko uku kawai zai riƙa gani, ya rasa farkon layi. Shi bambancin launi da kibiya mai haske sun fi masa amfani. Wannan ɓacewar da kike yi ta tsaya min a rai. Ninki nawa kike sawa a ZoomText da? Kin ƙara a 'yan shekarun nan?

A ɓoye sunana:
Anti, likita ya rubuta a kati, katin yana gida. Na ɗan ƙara girman kaɗan, amma tsufan allon ne. Idona yadda yake da haka yake, matsalar daga canjin kwamfuta ce.

Anti Malama:
Yaushe rabonki da awon ido? In an taɓa ba ki maganin ɗigawa, kina kan sawa? Hawan jinin ido ba ya ciwo yawanci, abin da ya cinye kuma ba ya dawowa. Ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ko asibitin ido na ECWA a nan Kano, ki je a auna miki faɗin gani.

Abu Ammar:
Ni abin da ke ƙona min rai, me ya sa ma Yayanta zai saya? Aikin makaranta take yi, mai makaranta ya kamata ya tanadi kayan aiki. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018 tana nan, Buhari ya sa mata hannu a Janairun 2019, har hukuma aka kafa, amma ina ake bi? Ni na je jarrabawar ɗaukar aiki ta kwamfuta, na roƙi a bar ni in ƙara girman rubutu, mai sa ido ya ce umarni ya hana taɓa komai. Na manna fuskata a allo har lokaci ya ƙare. Na rubuta ƙorafi, har yau ko amsa.

Ummu Khairat:
Wallahi Abu Ammar ka taɓo min inda ke min ƙaiƙayi. Manhajar bankina in na ƙara girman rubutu a waya sai maɓallin turawa ya ɓace ƙasa. Sai na ba yarona, duk sirrina a hannunsa.

A ɓoye sunana:
Mai makaranta bai san girman matsalar ba, kuma ba na so ya sani. Ya san dai ina sa tabarau. Masu neman kujerar nan suna da yawa.

Na Damagaram:
Sannunku da hira. Mu nan Nijar madannanmu na Faransa ne, A a inda naku Q yake, da na samu kwamfuta daga Kano wahalar da na sha ba kaɗan ba, amma hannu ya bi. Shawarata ki haɗa shi da talabijin ta HDMI, allo babba ya rage miki zuƙowa. Sai kin sayi ɗan mahaɗi in ramukansa USB-C ne.

Injiniya:
Talabijin da wace wutar? Kuma in abin da Anti ke zargi ne, babban allo ƙara ɓatar da ita zai yi. Malama, danna tambarin tuffa a sama ta hagu, About This Mac, ki gaya mana Intel ne ko M. In Intel ne a sa miki Windows ta Boot Camp, jikin na Yaya, cikin naki, kowa ya huta.

A ɓoye sunana:
An rubuta M1.

Injiniya:
To shi ke nan. Tun da Apple suka fito da M1 a ƙarshen 2020, masu wannan guntun ba su da Boot Camp. Sai dai Parallels, manhajar da ke gudanar da Windows a cikin Mac, shi ma kuɗi ne, kuma ba zan ɗora wa mai jarrabawa a gaba wannan gwajin ba. Mun dawo maganata ta farko.

Ɗan Linux:
Ku sa wa tsohon Ubuntu kawai, akwai Orca mai karanta allo da zuƙowa a ciki, ba sisi.

Injiniya:
Mutum na kukan sabon tsari ɗaya, za ka ƙara mata na biyu. Amma ka tuna min. Malama, tsohon yana ina? Daina tallafin Windows 10 da aka yi ranar 14 ga Oktoba 2025 ba ya nufin ya daina aiki, sabunta tsaro ne ya tsaya, kuma Microsoft sun buɗe tsarin ƙarin shekara guda mai suna ESU. Ki canza masa batir ki fitar da sakamakon zangon nan da shi, Mac ya jira hutu.

Baban Sadik:
A nan kam na yarda da Injiniya.

A ɓoye sunana:
Ƙanena da ke jami'a na ba wa tun satin da Mac ya zo, ya daɗe yana buƙata. Ya kai an goge komai an sa masa sabo. Ba zan karɓi kyauta in dawo in ƙwace ba.

Injiniya:
Inna lillahi. Da ZoomText ɗin a ciki? Lambar lasisin fa?

A ɓoye sunana:
Ƙungiyar ce ta sa mana, ba su ba mu wata lamba ba. Ni dai ba wannan na zo tambaya ba. Kuma ko da na yarda da murya, na ji yadda take kiran sunayen yara, Ɗanladi da Ƙasimu duk ta hargitsa su, ta yaya zan tantance maki da wannan?

Malam Mai Braille:
Muryar Turanci kika ji. Ni a NVDA muryar Swahili ta eSpeak nake sawa in zan karanta Hausa, tana kiran wasula yadda aka rubuta su. Ba daɗi, haruffa masu lanƙwasa kuma sai haƙuri, amma ana ganewa. Lambobi kuwa ba ruwansu da wannan, ki bar su a Turanci. Ni ma da ina cewa ni ba makaho ba ne.

Hajiya Babba:
'Yata ki samu zuma farar saƙa ki riƙa ɗigawa da dare, wata maƙwabciyata ta ajiye tabarau.

Admin:
Hajiya a yi haƙuri, dokar gidan nan ta hana ba da maganin sawa a ido. A koma kan tambaya.

A ɓoye sunana:
Na gode muku duka. Na gwada na Baban Sadik, Control da yatsu biyu ya yi, amma farin allon Excel na kashe min ido. Da Mac ɗin zan ci gaba in sha Allah. Abin da nake so kawai baƙin allo da rubutu ruwan ɗorawa irin na da.

Baban Sadik:
Kunna Invert colours a ƙarƙashin Display, fari zai koma baƙi. In kika mayar da rubutun Excel shuɗi, a juye zai fito ruwan ɗorawa. Ki tuna dai ki mayar da shi baƙi kafin bugawa.

A ɓoye sunana:
In na manta fa, sakamakon makaranta guda ya fito shuɗi? Babu wata hanyar?

Anti Malama:
Har yanzu ba ki ba ni amsar awon ido ba.

Injiniya:
Hanyar na faɗa tun farko. In an raba takardun jarrabawa za ki neme ni.

Sabon Shiga:
Salam. Hajiya in kin yanke shawarar sayarwa ki min magana ta akwatin sirri. M1 ɗin Air ne ko Pro, kuma gig nawa ne?