Ƙimar da Chrome DevTools ke nunawa ba ita ce ta gaskiya ba

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu rubuta manhaja a Kumasi, don Allah a duba mana wannan.

Manhajar TypeScript ce, a tsconfig.json (fayil ɗin saitunan TypeScript) an saka `target` a ES5, wato a mayar da lambar zuwa tsohon tsarin JavaScript, an kunna `sourceMap`, wanda ke haɗa lambar da aka fitar da fayil na asali. Idan aka tsayar da aiki a Chrome DevTools (kayan binciken manhaja na burauzar Chrome) cikin aikin kibiya (arrow function) `=>`, aka ɗora linzami kan `this`, ɗan akwatin da ke fitowa sai ya nuna `undefined`. Amma `console.log(this)` a layin nan yana fitar da abin daidai, kuma manhajar na tafiya lafiya ƙalau.

Dalilin dai an gano shi: ES5 ba ta da kibiya, shi ya sa TypeScript ke mayar da `this` ya koma `_this`. Akwatin kuwa sunan da ke fayil na asali yake karantawa. A ɓangaren Scope na DevTools, `_this` na nan da ƙimarsa daidai.

An mayar da `target` ES2015, wadda ke da kibiya, an share ma'ajiyar burauza, an sake ginawa, matsalar ba ta gushe ba. Zargina ya fi karkata ga Babel, mai mayar da sabon JavaScript zuwa tsoho, tunda webpack, mai haɗa fayiloli, na bi ta kansa bayan TypeScript. Shin `targets` na preset-env ɗin Babel za a gyara, ko `devtool` na webpack?