Fentin ƙofofin kabad ya fito kamar mabul, ana iyawa?

Uwargida: Salam jama'a. Ƙofofin kabad ɗin kicin ɗina na katako ne, fentinsu ya koɗe, ina so in mayar da su kamar farin mabul mai jijiyoyi toka-toka ɗin nan irin na garin Carrara da ke Italiya. Wai zai yiwu da burushi kawai?

Mai Fenti: Wa'alaikissalam hajiya, zai yiwu sosai. Ki fara ciro ƙofofin ki kwantar da su, ki wanke maiƙon nan tas don fenti baya kama maiƙo, ki goge da sanfefa mai lamba 220, sai firaima, wato shafin farko da ke sa fenti ya kama, sai farin fenti shafi biyu. In ya bushe ki tsarma fenti mai launin toka da ruwa ki riƙa dangwalawa da soso sama-sama, jijiyoyin kuma da gashin tsuntsu ake ja, a karkace, hannu na ɗan rawa, tun da danshinsa ki bi da busasshen burushi mai laushi har layin ya narke ciki.

Kafinta: Gaskiya ne malam. Amma fa wurin shafin ƙarshe mai sa sheƙi, banda fanish na mai, yana sa fari ya koma rawaya-rawaya, na ruwa za ki nema ki yi shafi uku kina gogewa kaɗan tsakani, nan sheƙin yake fitowa.

Uwargida: Na gode Allah ya saka. Jijiyoyin ne dai ke ban tsoro wallahi.

Mai Fenti: Kar ki cika su, kuma kar kowace ƙofa ta zama iri ɗaya. Ki gwada a guntun katako tukuna.