Wai tsagewar ƙanƙara a teku ɗumama iska take yi ko sanyaya ta?

Ɗan_Aji_Biyu:
Salam jama'a, dan Allah a warware min wannan, jibi muna da tes. Malaminmu ya ce in ƙanƙarar da ta rufe tekun Aktik, can ƙuryar arewacin duniya, ta tsage, iskar wajen ɗumi take yi. Ni fa kaina ya kulle, ruwan da ke ƙarƙashin ƙanƙara ai shi ma sanyi ne kamar me, ta ina zai ɗumama wani abu?

Tsohon_Tica:
Wa alaikumus salam. Ƙanena ka taɓa jan ruwa a rijiya da asuba lokacin hunturu? Ka ga guga na tururi, ka tsoma hannu ka ji ɗumi, alhali ba wanda ya sa masa wuta, iskar ce kawai ta fi shi sanyi. To can ma haka ne sai dai abin ya wuce misali. Ruwan teku saboda gishiri sai ya kai wajen digiri -1.8 a ma'aunin Celsius kafin ya daskare, iskar sama kuwa lokacin sanyinsu tana kaiwa -30 har -40, ga rana ba ta leƙowa wata da watanni. Ƙanƙarar nan murfin fulas ce, da ta tsage sai zafi ya yi ta tsiyaya sama, har hayaƙi ake gani yana tashi daga tsagar kamar an ɗora tukunya.

Maman_Biyu:
Malam ka manta lokacin zafinsu, nan abin juyewa yake. Ƙanƙara mai dusa a kai tana mayar da kusan kashi 80 na hasken rana, buɗaɗɗen ruwa kuwa shanye fiye da kashi 90 yake, sai ya ɗumama ya ƙara cin gefen ƙanƙarar, tsaga ta ƙara faɗi. Yana cikin abin da ya sa tun 1979 Aktik ke ɗumama kusan ninki huɗu na sauran duniya.

Ɗan_Aji_Biyu:
Na gode Anti, yanzu na gano. Amma tsagar ba ta sake rufewa?

Tsohon_Tica:
Tana rufewa mana, cikin awoyi ƙanƙara siririya ta hau kai, sai dai iska ta sake yage wani wurin. Wasu kuma ba tsaga ba ne, wawakeken fili ne na buɗaɗɗen ruwa a tsakiyar ƙanƙara. A tekun Weddell can Antaktika, ƙuryar kudancin duniya, daga 1974 zuwa 1976 an yi wani mai faɗin murabba'in kilomita kusan 250,000, ya ƙi rufewa sanyi uku a jere don ruwan can ƙasan teku mai ɗan ɗumi ne ke tasowa. A 2017 ya sake buɗewa amma bai kai wancan ba. Wannan ka rubuta a tes, malamai na son misali mai shekara.