Halakha: wace kalmar Hausa za ta ɗauke ta?

1. 'Yan uwa masu fassara, ga wata kalmar Ibrananci da ke ba mu wuya: halakha. In aka rubuta ta da lafazinmu sai ta koma "halaka", mai karatu ya zaci hallaka ake nufi. Dole mu nemo mata ta gida.

2. Tana tasowa a labarin Yahudawa masu neman jinsinsu da suka ƙi barin addini. Attaura, a Littafin Firistoci 18:22, ta hana namiji kwanciya da namiji. Sai dai gardamarsu ta wuce ayar, ta shiga abin da malamansu suka gina a kanta tun daga Talmud, babban kundin bayanan malamansu na dā. Wannan ginin shi ne halakha.

3. "Doka" ta yi kama da ta gwamnati. "Shari'ar Yahudawa" kuma tana kai hankali ga kotu da hukunci, alhali halakha ta fi shafar yanka, abinci, hutun Asabar da aure.

4. Ni "fiƙihun Yahudawa" na zaɓa, domin akwai saɓani a ciki. A Disambar 2006, kwamitin malaman ɓangaren Yahudawa da ake kira Konsabatib a Amurka ya zauna kan mas'alar masu neman jinsi. Fatawar Elliot Dorff da abokansa biyu ta halatta naɗa masu neman jinsi limamai, amma ta bar haramcin saduwa ta dubura tsakanin maza yadda yake. Ta Joel Roth ta ce a tsaya kan hanin da aka gada. Kwamitin ya karɓi duka biyun a rana ɗaya, kowace majami'a ta bi wadda ta gamsu da ita. Roth bai ji daɗi ba, ya yi murabus daga kwamitin. Wace "doka" ce ke aiki haka?

5. Ɓangaren Otodoks, wato Yahudawa masu tsananin riƙo da abin da aka gada, bai sassauta hanin ba. Duk da haka, a 1999 Steven Greenberg, wanda a can ya sami ijazar limanci, ya fito ya bayyana cewa maza yake so, kuma bai bar kiyaye Asabar ba. Mai karanta labarinsa ya cancanci ya gane cewa mutumin yana kokawa ne da littattafan malamansa, daga cikin gida.

6. Na san wasu za su ce fiƙihu kalmar Musulunci ce. Ai muna cewa "limamin coci" ba wanda ya rikice. Malamanmu na Hausa, in kuna da wadda ta fi, ku kawo mu duba.