Tsofaffin gine-ginen Samaru: me ya sa ba sa ɗaukar zafi?

'Yar Funtuwa:
Assalamu alaikum. Bana na fara karatun injiniya a Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ke Samaru, Zariya, kuma akwai abin da ke ɗaure mini kai. Ajin da muke ɗaukar darasi tsohon gini ne, amma ko da bazara ana iya zama a ciki ba fanka, alhali gidanmu na bulo da kwano da azahar ba ya shiguwa. Wani ya ce mini ginin ma ya girmi jami'ar. Don Allah gaskiya ne?

Tsohon ɗalibin zanen gini:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Wanda ya gaya miki bai yi ƙarya ba. An buɗe jami'ar ranar 4 ga Oktoba, 1962, Sardauna ne ubanta na farko, Norman Alexander kuma shugabanta, kafin Ishaya Audu ya karɓa a 1966. To amma ba a fili fetal aka kafa ta ba. Akwai reshen Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya a nan Samaru tun shekarun 1950, ita jami'ar ta gada da gine-ginenta da ɗalibanta. Sashenmu na zanen gini ma daga Ibadan aka dawo da shi Zariya a 1955. Haka aka haɗo da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru da makarantar koyon aikin mulki ta Kongo, shi ya sa har yau jami'ar take a warwatse.

Batun sanyi kuwa, gobe in kin je ki tsaya ki duba da kyau. Yawancin waɗannan gine-gine dogaye ne sirara, ɗaki ɗaya ne faɗinsu sai baranda, taga nan taga can, iska ta shiga ta fita. Sama da tagogin za ki ga kankare ya miƙo kamar bakin malafa, yana tare rana kafin ta taɓa gilashi. Bulon nan mai huji-huji da ke jikin matakala, iska da haske yake bari su wuce. Ki kuma lura da inda suka fuskanta: a ƙasa mai zafi ana so doguwar fuskar gini ta kalli kudu da arewa, don ranar hantsi da ta la'asar su bugi gajeren gefe. Masu zanen sun san ba kullum za a dogara da na'ura ba, sai suka sa ginin ya yi aikin da kansa. Raina yana ɓaci in na ga ana gina gidaje a gari da gilashi tun daga ƙasa har sama, a Zariyar da ke da rana da ƙurar hunturu.

Jikan magina, cikin birni:
Malam, ka yi bayani, Allah ya ƙara sani. Sai dai kada yarinyar nan ta ɗauka Turawa ne suka kawo mana dabarar. 'Yata, ranar da ba ki da darasi ki shigo birni ki ga tsohon masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu, yana nan a cikin sabon masallacin da aka gina ya kewaye shi. Tubali ne da azara, an ɗaure rufin da bakan gizo, wato ginin nan mai lanƙwasa kamar baka da ke ɗauke da rufi. Katangar ƙasa mai kauri takan sha zafin rana duk yini, sai dare ta sake shi. Mahaifina kan dafa bangon zaure da azahar ya ce mu ma mu dafa, sai ka ji shi sanyi ƙalau.

A cikin makarantarku ma akwai irinsa. Dandalin wasan kwaikwayo na ƙasa da Ba'amurke Steven Ehrlich ya zana a shekarun 1970 lokacin yana koyarwa a nan, kan tsarin gidan Bahaushe aka yi shi, ɗakuna kewaye da tsakar gida. Ginin ƙasa dai yana son yaɓe bayan kowace damina, masu iya ɗaurin guga, wato rufin ƙasa mai tulluwa da ake ɗorawa kan bakan gizo, kuma sai raguwa suke, wannan ne ke hana ni barci.

'Yar Funtuwa:
Na gode ƙwarai. Baba, ranar Asabar in sha Allah zan shigo da ƙawayena biyu. Ana barin mata su shiga su ga tsohon ginin, ko sai mun nemi izini tukuna?