Tsofaffin wasannin Nowel na tele a faifai

Ɗan Birni: Salamu alaikum, na samo DVD na wasannin Nowel na telen Amurka, na shekarun 1950, amma hoton dishi-dishi. Faifan ne ko haka suke?

Na Sabon Gari: Haka suke ƙanena. Kai tsaye ake watsa su kuma kafin 1956 babu na'urar bidiyo, sai a kafa kamara gaban allon tele ta ɗauka a fim, kineskop kenan, shi ya sa baƙi da farin ke dusashewa.

Hajiyar Zango: Ni wallahi haka nan nake jin daɗinsu, ɗan wasa ko ya yi tuntuɓen harshe ba a sakewa, gaba kawai yake yi.

Ɗan Birni: To yaya, babbar tele za ta gyara?

Na Sabon Gari: A'a ƙara tona shi take, kalla a ƙarama.