Injin yankan ciyawa ziro-ton: wane girma kuka saya, kuma ya kuka same shi?

Bazazzagin Ohio:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah waɗanda suka taɓa mallakar injin yankan ciyawa irin wanda ake hawa, mai hannu biyu ɗin nan da babu sitiyari, wato ziro-ton, ku zo ku faɗa mana yadda kuka ƙare da shi. Mun koma wani gida a wajen Columbus, filin eka ɗaya da rabi ne, akwai bishiyoyi a baya da ɗan gangare ta wajen rafi, kuma har yanzu injin da ake turawa da hannu nake amfani da shi, wallahi Asabar ɗina gaba ɗaya a ciyawa take ƙarewa, ga shi nan daga Afrilu har Oktoba babu ɗaga ƙafa duk sati sai ka yanka. Na zaga shaguna na ga mai inci 42, 48, 54 har 60, kuɗin kuma tun daga dala dubu uku da wani abu har sama da dubu goma, kuma duk wanda ka tambaya sai ya nuna maka lambar ƙarfin inji da aka manna a jiki. Ni abin da nake so in ji shi ne wanda ka saya, girman filinka, da yadda yake bayan ya kwana biyu a hannunka.

Bakanon Houston:
Wa alaikumus salam. Malam kafin ka sake taka ƙafa a wani shago ɗauki tef ka auna get ɗin da za ka riƙa shiga baya da injin. Nawa mai 42 ne kuma get ne ya zaɓa min shi ba ni ba. Inci ɗin da suke rubutawa faɗin abin da wuƙa take yankawa ne kawai, jikin kwanon da wuƙaƙen suke ciki ya fi haka, ga kuma robar gefe da ciyawa take fita ta nan ita ma tana ƙara faɗi sosai, to mai 42 ɗin ma sai na ɗaga robar nan da hannu kafin ya wuce. Maƙwabcina an sauke masa mai 54 daga tirela yana ta murna, aka zo shiga baya ya ƙi, ƙarshe sai da ya kira masu shinge suka cire turke ɗaya suka faɗaɗa ƙofar. Haka ma tsakanin bishiyoyinka, auna inda ya fi matsewa, da ƙofar ɗakin da za ka riƙa ajiye shi. Filina bai kai eka ba, ciyawar St. Augustine ce mai kauri, kuma 42 yana cinye ta babu wani kuka.

Mai Yankan Ciyawa, Atlanta:
Alhaji barka da sabon gida, Allah Ya sa rai aka yi wa. Ni wannan ce sana'ata, ni da yarana biyu muke zagaya gidaje da tirela, don haka bari in ɗan tsawaita.

Lambar ƙarfin injin nan da suke nuna maka ita ce abu na ƙarshe da nake dubawa. Inji ba kasafai yake fara mutuwa ba in kana canza baƙin mai da filta, abin da yake fara gajiya giya ce. Kowace tayar baya tana da giyarta daban mai aiki da mai, shi ya sa in ka tura hannu ɗaya gaba ka ja ɗaya baya yake juyawa a inda yake tsaye. To durƙusa ka leƙa bayan taya ka karanta abin da aka rubuta a jikin giyar. Yawanci ta kamfanin Hydro-Gear ce. In ka ga EZT, ko ZT-2200, wannan a rufe take, an yi ta ne don ƙaramin fili mai laushi kuma ba a tanadi wajen canza mata filta ba. Daga ZT-2800 zuwa sama, 3100, 3400, waɗannan suna da filta ana juye mai a zuba sabo, kuma su ne suke jure zafi da hawa tudu da jan ƙaramar tirela. Sau da yawa bambancin kuɗin da kake gani tsakanin injina biyu masu kama ɗaya a nan yake ɓoye.

Na biyu kwanon da wuƙaƙe suke ciki. Akwai wanda aka buga daga falle ɗaya na ƙarfe, za ka gan shi sumul gefensa a lanƙwashe, akwai kuma na walda wanda aka haɗa da faranti masu kauri za ka ga layin waldar. Na bugun ba laifi gare shi ba, yana ma yanka da kyau don iska tana zagayawa a ciki yadda ya kamata, amma in filinka akwai saiwoyi da duwatsu na walda ya fi ɗaukar duka. Kuma lambar kaurin ƙarfen a juye take, geji 10 ya fi 12 kauri, geji 7 ya fi 10. Ni nawa na aiki Exmark ne mai 60 da injin Kawasaki FX a kai, amma wallahi ba zan ce ka sayi irinsa ba, ni ina kansa daga safe har la'asar, kai kuwa awa ɗaya a sati. Asara ce.

Injiniya, Maryland:
Ina tare da Oga na Atlanta. Ga ɗan lissafin da na yi kafin in sayi nawa, ka ɗauki faɗin kwano a inci ka ninka da gudun da za ka yi a mil cikin awa, ka raba da 120, zai ba ka kusan ekar da za ka yanka a awa ɗaya har da juye-juye. In kana tafiya mil 5, mai 42 zai ba ka eka 1.75, mai 54 kuma 2.25. A filinka na eka ɗaya da rabi kenan kusan minti 51 da minti 40. Minti goma sha ɗaya ne tsakaninsu a sati. Ni da na ga haka sai na bar maganar faɗi na zuba kuɗin a giya mai kyau, na ɗauki mai 48 a fili eka biyu, kuma ban taɓa jin ya yi min kaɗan ba.

Ɗan Damagaram, Greensboro:
Salamu alaikum ƴan uwa. Injiniya lissafinka daidai ne amma akwai abin da takarda ba ta nunawa. Ni na yi aiki da mai 42 na wani abokina kuma nawa mai 52 ne. Shi ƙaramin, kwanon kusan daidai yake da faɗin tayoyin baya, in ka zo gefen danga ko gindin icce taya ce take fara taɓawa, sai ka bar layin ciyawa da dole ka dawo da na hannu ka gyara. Babban kuwa kwanon ya leƙo waje ta hagu, kana bi kana sharewa har jikin danga. To lokacin da ka rage ba a tsakiyar fili kaɗai yake ba.

Amma fa in ƙasarka ba shimfiɗaɗɗiya ba ce faɗin yana da nashi sharri. Akwai wani ɗan tozo a bayan gidana, duk sanda na bi ta kai sai gefen kwanon ya aske shi har jar ƙasa ta fito, sai da na koyi ɗaga kwanon da ƙafa in na iso wurin. Mai 60 a wanga fili da ya yi ɓarna ba kaɗan ba. Kuma ka sani yawanci 42 wuƙa biyu gare shi, daga 48 zuwa sama uku ne, wato wasa wuƙa da boris da giris duk sun ƙaru.

Hajiya ta Minnesota:
Ni maganar gangaren nan da rafi ce ta tsaya min a rai, kowa ya wuce ta. Ɗan'uwa don girman Allah ka kula. Tayoyin gaban injin nan sake suke, ba sa tuƙi ba sa birki, komai yana ga na baya, to in ciyawa da raɓa kana gangarowa na bayan suka sulɓe shi kenan babu abin da hannunka zai iya yi. Maigidana ya taɓa zamewa haka da safe bayan an yi yayyafi, ina tsaye a tagar kicin ina kallo injin yana tafiya a karkace yana ta jan hannuwan babu amsa, Allah Ya taimaka shingen itace ne a ƙasan ba ruwa ba. Littafin da yake zuwa da injin ya ce kar a hau gangaren da ya wuce digiri 15, kuma akwai manhajar awo a waya da za ka ɗora a kan katako ka gani. Tun daga ranar gefen nan da na turawa muke yin sa. In za ka saya ka nemi mai ƙarfen kariya a bayan kujera, ka bar shi a miƙe ka ɗaura bel. Sannan yara, wallahi za su yi ta roƙo a ɗora su a cinya, kar ka yarda ko sau ɗaya, don yaron da ya saba hawa shi ne zai rugo ta bayanka kana ribas. Likitocin yara na Amurka shekara 16 suka ce kafin yaro ya tuƙa irin na hawa.

Bazazzagin Ohio:
Subhanallahi, Hajiya Allah Ya ƙara tsarewa, na gode ƙwarai. Na fita yanzu na auna, get ɗin inci 60 ne, gangaren kuma ta sama da sauƙi amma dab da rafin ya yi tsaye, wannan zan bar wa na turawa. Oga na Atlanta, tuƙin fa, yana da wuyar koyo?

Mai Yankan Ciyawa, Atlanta:
Ko kaɗan Alhaji. Kamar tura kurar ruwa ne, in kana son ka yi hagu sai ka ƙara wa hannun dama ƙarfi. Ka fara a tsakiyar fili nesa da mota da fulawoyin uwargida. Abu ɗaya, kar ka riƙa kafe taya ɗaya kana juyawa a kanta, tana murje ciyawa ta bar maka tabo a ƙarshen kowane layi, ka ɗan yi gaba ka ɗan yi baya tayoyin biyu suna motsi. Get mai 60 kuma 48 zai shige in ka ɗaga roba, 54 zai matse ka.

Bakatsinen Indiana:
Nawa labarin na inda za ka saya ne. Na farkon da na yi amfani da shi daga wani babban kanti ya fito, cikin Yuni bel ɗin kwano ya tsinke kuma sandar wuƙa ɗaya ta fara ƙara, yana cikin garanti amma kantin ba sa gyara, suka tura ni wani gareji mai nisa, su kuma can suka ce sai sun gama da waɗanda suka saya a wajensu tukuna. Ciyawa ba ta jira ba, har takarda ƙungiyar masu gidajen unguwa ta aiko min. Na yanzu a wajen dila na kusa da ni na saya, ya bar ni na hau uku na zagaya a bayan shagonsa, a nan na gane kujera ma abin dubawa ce, wani in ka bi ta kan rami har cikin ƙugu kake ji. Toro ne, Ariens ne, John Deere, Cub Cadet, Hustler, kowanne yana da na ƙasa da na tsakiya da na sama, ni dai wanda mai gyaransa yake kusa da gidana shi na bi. Kuma in za ka iya haƙuri zuwa ƙarshen kaka, lokacin suna son rage kaya kafin hunturu, ana samun sauƙi.

Ƙanwarku a Dallas:
Yaya ni mai batir nake da shi, EGO mai inci 42, filina bai kai eka ɗaya ba kuma caji ɗaya yake gama min. Babu fetur babu baƙin mai, ƙararsa kaɗan ce ina yanka bayan asuba kafin rana ta buɗe maƙwabta ba sa ji. Sai dai in ciyawa ta yi tsawo ko da danshi cajin yana saurin sauka, kuma batiran su ne tsadar, to a eka ɗaya da rabi da tudu ka tambayi kuɗin ƙarin batir tun kafin ka biya.

Ɗan Damagaram, Greensboro:
In kuma kuɗin na tsakiyar ya yi maka nauyi sabo, akwai na hannu, nawa ma haka na same shi. Duba mitar awa da ke gefen kujera, na gida da ya yi awa ɗari biyu ko uku da sauransa, amma na ƴan kwangila da ya haura dubu biyu ka yi hattara ko da fenti na sheƙi. Ka ce kar a tada shi kafin ka zo, kana so ka ji yadda yake tashi da sanyi. Sannan ka hau ka yi ta yawo har giyar ta ɗau zafi ka nufi tudu, in gefe ɗaya ya fara ja baya ko yana kuka to ka yi sallama ka tafi, gyaranta ya kusa kuɗin injin. Kashe shi ka cire makulli ka kama kowace wuƙa ka girgiza, in tana lilo boris ya tafi, wannan ƙaramin gyara ne amma ka rage shi a ciniki.

Injiniya, Maryland:
Ƙari kaɗan tunda Ohio kake, injin zai yi wata huɗu ko biyar a ajiye. Fetur ɗin gidan mai akwai etanol kashi 10 a ciki, in ya daɗe a kafireto yana daskarewa ya toshe, to a yankan ƙarshe ka zuba maganin adana fetur ka bar injin ya yi aiki minti kaɗan ya zagaya, ka kankare ciyawar da ta manne a ƙarƙashin kwano don ita take kawo tsatsa, batir kuma ka cire shi ka shigar cikin gida.